Wa ke dama wa Kaka kunu? Hira kan tsofaffinmu a ƙasar Gumel

 Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, saboda waɗanda data ba ta bari sun saurara ba, da kuma waɗanda suka fi son su karanta a nutse.

Yau ƙasar Gumel muka nufa, Lautai kenan, mai ƙananan hukumomi huɗu: Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar. Amma ko kana Kano ko Damagaram ko Legas, in dai a gidanku akwai tsohon da ƙafa ta daina ɗauka, ko tsohuwar da haƙori ya ƙare mata, to maganar taka ce. Za mu taɓa batun kuɗin tallafin da ake ba masu buƙata ta musamman, mu shiga madafi mu duba tukunya, sannan mu tsaya a kan mutumin da ba a cika tunawa da shi ba, wato mai jinyar kansa.

Bari mu fara da tambayar da ke kan shirin. A gidanku, wa ke dama wa Kaka kunu da safe? Wa ke ɗaga ta zuwa bayan gida da tsakar dare? Wa ke wanke zanen da ya ɓaci? In ka lissafa za ka tarar mutum ɗaya ne ko biyu, kuma kusan kullum mace ce. Ko matar ɗa, ko 'yar da aurenta ya mutu ta dawo gida, ko kuwa jika 'yar shekara 12 da aka ce “je ki zauna da kakarki”, makarantarta ta tsaya daga nan. Sauran 'ya'yan fa? Wani yana Kano, wani yana Abuja yana gadi, wani ya tafi cirani tun da aka gama girbi. Suna turo abin da ya samu, Allah ya saka musu. Amma alat ba ya juya marar lafiya a shimfiɗa.

Muna yawan alfahari da cewa mu ba ma kai iyayenmu gidan tsofaffi kamar Turawa, kuma abin alfaharin ne. Sai dai zaman tsoho a cikin gida ba ya nuna ana kula da shi. Akwai tsohon da ke cikin gida mai mutum 20, amma sai ya wuni ba wanda ya zauna ya yi masa hira ta minti biyar. Ana miƙa masa kwano, a dawo a ɗauke, ba wanda ya duba ko ya ci.

To, mu zo kan kuɗi.

Jigawa tana da tarihi a nan. A shekarar 2007, farkon mulkin Gwamna Sule Lamido, jihar ta kafa dokar biyan naƙasassu alawus na N7,000 kowane wata, kuma tana cikin jihohin farko da suka yi irin wannan a Najeriya. Don ku gane nauyin kuɗin a lokacin, mafi ƙarancin albashin da doka ta sa N5,500 ne, ma'aikatan tarayya kuma N7,500. Kun ga kenan makaho a Maigatari yana karɓar abin da ya yi kusa da albashin ƙaramin ma'aikaci. Daga nan mafi ƙarancin albashi ya koma N18,000 a 2011, ya koma N30,000 a 2019, ya koma N70,000 a 2024. A tsakani an cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, an rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris 2024, kuma duk wanda ke cin kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis ya ji wannan a jikinsa. Kuɗin da a 2007 yake sayen hatsin wata har a yi cefane, yau ko an ninka shi ba zai kai rabin nan ba.

Abu na biyu shi ne yawan masu karɓa. An tsara shirin ne a kan mutum wajen 150 a kowace ƙaramar hukuma cikin 27 ɗin jihar. A ƙasar Gumel kenan mutum 600. A ƙidayar 2006 kuwa, ƙananan hukumomin nan huɗu sun kusa rabin miliyan, kuma kun san an hayayyafa sosai tun daga lokacin. Hukumar Lafiya ta Duniya tana cewa kusan kashi 16 cikin 100 na mutanen duniya suna rayuwa da wata naƙasa mai nauyi. Mu bar kashi 16, mu ce mutum ɗaya ne kacal cikin 20. A rabin miliyan ka sami mutum 25,000. Gurbi 600 a tsarin farko, masu buƙata 25,000. Shi ya sa in sunan Baba bai fito ba, ba lallai ne wani ya yi muku mugunta ba. Bargon ne ya yi kaɗan.

Abu na uku, wanda ya fi rikita mutane: tsufa daban, naƙasa daban a wajen masu rajista. Idan aka ce naƙasasshe, abin da ke zuwa ran mutane shi ne makaho mai sanda, gurgu mai keke, kurma, ko wanda kuturta ta taɓa. Su kuma suna da tsarinsu tun kaka da kakanni, akwai Sarkin Makafi, akwai Sarkin Guragu, suna da ƙungiyoyi, sun san juna, in labari ya fito suna ji. Amma dattijon da ya yi shekara 50 yana noman gero a wani ƙauye na Sule Tankarkar, hawan jini ya shanye masa ɓarin jiki yana da shekara 70, ba ya cikin kowace ƙungiya. Shi kansa ba ya ganin kansa naƙasasshe, 'ya'yansa ma in ka kira shi haka sai ransu ya ɓaci. “Ai tsufa ne kawai.” Alhali mutumin da ba ya iya tafiya, ba ya iya ciyar da kansa, ya cika duk sharaɗin naƙasa, ko da wace shekara abin ya same shi. Kunyar sunan kawai tana hana gidaje da yawa neman abin da yake haƙƙinsu.

Kuma akwai dokoki a ƙasa. A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wariya ga masu naƙasa. Dokar ta ce a ba su fifiko a layi, ta ware musu kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati, ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyar shiga, wa'adin da ya cika a farkon 2024. A 2020 aka kafa hukumar ƙasa mai kula da su. Tsofaffi ma suna da tasu dokar da aka sa wa hannu a 2018, wadda ta kafa cibiyar ƙasa ta kula da dattawa. Ta fannin lafiya, dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don kula da lafiya a matakin farko, kuma a Jigawa hukumar JICHMA ce ke kula da rajistar taimakekeniyar lafiya. Wannan katin ya kamata ku fara bi, domin a gidan da ke da tsoho, kuɗin magani ya fi kuɗin abinci cin aljihu.

Kada wani ya ce biyan tsofaffi sai ƙasar masu kuɗi. Lesotho, 'yar ƙaramar ƙasa a kudancin Afirka, tun 2004 take biyan fansho ga wanda ya kai 70, ko da bai taɓa aikin gwamnati ba. Jihar Ekiti ta fara ba tsofaffi marasa galihu N5,000 a wata a 2011. A Ingila har mai jinya ana ba shi alawus in yana kwashe awa 35 a mako yana kula da marar lafiya. Mu ma nan kusa mun ga misali. Daga 2014 an yi wani shiri a Gagarawa da Buji da Kirikasamma, inda ake ba mata masu juna biyu N3,500 a wata har yaro ya shekara biyu. Binciken da aka yi a kansa ya nuna abincin gidajen ya inganta, yara masu tsumburewa sun ragu. Kuɗi kaɗan, in dai yana zuwa kan lokaci kuma yana shiga hannun mai tukunya, yana aiki.

To me za ka yi kai da kake da waya a hannu? Ka tabbatar tsohonku yana da lambar NIN, tun ƙafa tana ɗaukarsa, domin ɗaukar wanda ya kwanta zuwa wajen hoto da dangwale wahala ce babba. Ka je sashen walwalar jama'a a sakatariyar ƙaramar hukumarku ka tambaya da bakinka: wane shiri ne ke akwai na masu naƙasa da na tsofaffi, nawa ake biya yanzu, yaushe ake sabunta sunaye. Ka sanar da mai unguwa da dagaci halin da ake ciki, domin ta hannunsu ake bi a yawancin irin wannan, har da rabon zakka. Ka nemi takardar likita da ta bayyana lalurar. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗin fom ko “na goro” don ya sa suna, ko ya kira waya yana neman lambar sirri ta kati, ɓarawo ne, ka kashe wayarka.

Sai kuma maganar da ba a so a yi. In kuɗin ya fara shigowa, a hannun wa katin ATM yake? Sau da yawa jika ne ke zuwa wajen mai POS, tunda shi ya iya. Ya ciro, ya cire na mai, ya cire na data, ya kawo saura, Kaka ba ta ma san nawa ne asalin kuɗin ba. 'Yan uwa, wannan cin amana ne, ko da naira 500 ce. Kuɗinta ne. A gaya mata nawa ya shigo, a ƙirga a gabanta, a tambaye ta me take so. Ko goro ta ce, a saya mata. Ko ta ce za ta ba jikokinta na alewa, a bar ta. Mutumin da ya saba bayarwa duk rayuwarsa, ranar da ya koma ba ya iya ba kowa komai, wannan ya fi ciwon gwiwa yi masa zafi.

Yauwa. Mu shiga madafi.

Yawancin gidajenmu tukunya ɗaya ake ɗorawa, kowa ya ci daga ciki. Tuwon dawa ko na gero da dare, ɗumame da safe, rana kuma abin da ya samu, fura ko ɗanwake ko garau-garau. Ga mai ƙarfi ba matsala. Amma jikin tsoho ya canza ta hanyoyin da ba a gani. Haƙora sun zube ko suna girgiɗi. Yawu ya ragu. Harshe ba ya jin ɗanɗano kamar da, shi ya sa kullum yake cewa miya ba gishiri. Cikinsa yana cika da wuri. Sannan tsokar jiki tana zaizayewa da shekaru, don haka yana buƙatar abinci mai gina jiki fiye da yadda muke zato. Mu kuma me muke yi? In ya kasa tauna tuwo sai mu koma ba shi koko tsararo safe da yamma. Koko ruwa ne da ɗan gari. Wata uku a haka sai ka ga mutum ya zube, a ce tsufa ne, alhali yunwa ce.

Gyaran ba ya buƙatar kayan kanti. Ƙasar Gumel ƙasar gero ce da wake da gyaɗa da riɗi da zoɓo, abin da ake nema yana cikin rumbu. A ɗauki kunun safe. Maimakon koko zalla, a dama kunun gyaɗa mai kauri, ko a zuba cokali biyu na markaɗaɗɗiyar gyaɗa ko riɗi a cikin kokon. In akwai madara ko kindirmo a ƙara. Kofi ɗaya ne dai, amma abin da ke cikinsa ya ninka. A soya waken suya sama-sama, a niƙa shi tare da gero da gyaɗa, a ajiye garin a mazubi mai murfi, ya zama na Kaka ita kaɗai.

Wake shi ne naman talaka, amma tsofaffi da yawa suna gudunsa saboda kumburin ciki. A jiƙa shi, a surfe bawon kamar za a yi alale, a zubar da ruwan jiƙon, a dafa shi har ya narke. A sa kabewa a ciki, da ɗan manja da albasa. Faten wake da kabewa kenan, ba ya buƙatar haƙori ko ɗaya. Alale ma haka, ya fi ƙosai sauƙin ci. Ƙwai ɗaya a rana, in da hali, a fasa shi cikin miya mai zafi ko a dafa a murmushe. A lokacin damina ƙwan zabi yana araha a ƙauyukanmu, amma sai mu kai kasuwa duka, ba mu ajiye wa tsohon gida ko biyu ba.

Tuwo kuma, kafin a gama ɗaure shi, a ɗebi na tsoho tun yana da laushi, a sa masa miya mai yauƙi da yawa, kuka ko kuɓewa ko karkashi, domin yauƙin yana taimaka wa haɗiya. Busasshen kifi a cire ƙaya tsaf, a daka ya zama gari, a tankaɗe, a riƙa barbaɗawa a miyarsa. Nama in ya samu, a dafa ya yi lugub a daka shi. Kun san yadda ake yi a gidaje: a sa wa Baba tsoka mafi girma don girmamawa, ya juya ta a baki ya kasa, ya miƙa wa jika. An girmama shi, amma bai ci ba. Zogale a shanya a inuwa, a daka, a zuba cokali ɗaya a miya dab da saukewa. Fura a dama ta da nono sosai, a tace in da tsaki-tsaki. Kuma maimakon kwano ɗaya babba sau biyu, a ba shi kaɗan-kaɗan sau biyar.

Yanzu gishiri. Hawan jini shi ne babban abin da ke jawo shanyewar ɓarin jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a rana, kusan ƙaramin cokalin shayi ɗaya kenan, a haɗa da duk abin da ya ci. Dunƙulen da muke jefawa a miya kusan rabinsa gishiri ne, kanwa ma danginsa ce a wajen hawan jini. Mu kuwa sai a sa dunƙule huɗu, a sa gishiri, a sa kanwa, a kawo yaji mai gishiri a gefe. Dabarar ita ce a ɗebi miyar tsoho kafin a sa dunƙule, a ƙarfafa tata da daddawa da albasa da citta da tafarnuwa. Zai yi mita kwanakin farko, harshe yana sabawa cikin 'yan makonni. Mai ciwon suga kuma a cire sukari daga kunu da fura da zoɓo, kuma kada ya sha maganinsa ya zauna bai ci komai ba, sugan na iya faɗuwa ya suma. Wanda likita ya ce yana da ciwon ƙoda, shi nasa tsarin daban ne, a tambayi likitan kafin a ƙara masa wake ko gyaɗa.

Ruwa fa? Tsoho ba ya jin ƙishirwa kamar yaro, wasu kuma da gangan suke ƙin sha don kada su dami mutane da fitsari. A bazarar Maigatari, watan Afrilu da Mayu, zafi yana haura digiri 40. Sai ka ga tsohuwa ta fara sambatu da rana tsaka, an fara tofi ana cewa iska ce, alhali jikinta ne ya bushe. Kada a jira ta nema. A ajiye mata moɗa kusa, a riƙa miƙa mata. In fitsari ya yi ja sosai kuma ya ragu, ruwa ya yi kaɗan. Batun azumi kuma, addini ya yi wa tsohon da ba ya iyawa rangwame ya ciyar, a tambayi malami a kwantar masa da hankali, domin da yawansu suna jin kamar sun yi laifi.

Ga wani abu mai muhimmanci ga masu jinyar wanda ɓarin jikinsa ya shanye. In yana ƙwarewa ko tari duk lokacin da ya sha abu, ko muryarsa ta koma kamar mai kurkure, haɗiyarsa ta samu matsala. Kada a ɗura masa yana kwance. A zaunar da shi sosai, a tokare bayansa, a ba shi da ƙaramin cokali, a jira ya haɗiye kafin na gaba, a bar shi a zaune kamar rabin awa bayan ya gama. Irin waɗannan sau da yawa abu mai ɗan kauri ya fi musu sauƙi a kan ruwa tsararo. Abincin da ya bi ta hanyar iska yana sauka a huhu ya zama ciwon nimoniya, kuma yana kashe tsofaffi da yawa a ce ajali ne kawai. A kai shi asibiti a duba.

Mu fito daga madafi mu leƙa ɗakin. Kusan mutum ɗaya cikin uku na waɗanda suka haura 65 yana faɗuwa aƙalla sau ɗaya a shekara, kuma karayar ƙugu ga tsoho sau da yawa ita ce kwanciyar da ba a tashi. Ina ake faɗuwa? Hanyar bayan gida da dare, dokin ƙofa, bakin tabarma da ya naɗe, santsin wajen wanka. Tocila mai caji a gefen shimfiɗa. Sanda mai kyau. Kafinta ya huda kujerar katako a ɗora a kan masai, domin tsugunno ya fi ƙarfin tsohuwar gwiwa. A kafa ƙarfe ko itace a bango wanda zai kama ya miƙe. Duk wannan bai kai kuɗin ankon biki ɗaya ba.

Wanda ya kwanta gaba ɗaya, a riƙa juya shi kamar kowace awa biyu, a duba ƙugu da gadon baya da diddige. In wuri ya yi ja bai washe ba, gyambon kwanciya ne ke tahowa. A tsane jiki bayan wanka, a shafa mai, a sauya zane da ya jiƙe. Da hunturu kuma, kada a kai garwashi ɗaki a rufe ƙofa da taga, hayaƙin gawayi ba ya wari amma yana kisa. Sannan ido. Binciken makanta da aka yi a faɗin Najeriya tsakanin 2005 da 2007 ya nuna yanar ido ce ke jawo kusan 4 cikin 10 na makanta, kuma aiki ne na ƙasa da awa ɗaya. Tsohuwa nawa ce ke zaune a duhu shekara biyar, ana jan ta da sanda, alhali idon yana gyaruwa? A fara da Babban Asibitin Gumel ko asibitin da ya fi kusa, su tura ku inda ake aikin. A guji masu kwantar da yana da tsinke a gida, suna ƙarasa ido.

Akwai kuma ciwon mantuwa. Fiye da mutum miliyan 55 ke fama da shi a duniya. Kaka ta ci abinci yanzu ta ce ba a ba ta ba. Ta ɓoye kuɗi ta manta, ta ce matar ɗanta ta sace. Ta fita da dare tana neman gidan mahaifinta da aka rushe shekara 40. A nan ne aure ke mutuwa, a nan ne zumunci ke lalacewa, a wasu wurare har a yi wa tsohuwa ƙazafin maita. Ciwo ne na ƙwaƙwalwa, ba sharri take yi ba. Gardama da ita ba ta amfani. In ta ce ba ta ci ba, a ce “to Inna, ga shi nan zuwa”, a kawo mata ɗan abu kaɗan. In ta ce an yi mata sata, a taya ta nema. Kai kuma ɗanta da ke nesa, in ta kira ka tana kuka wai matarka ko matar ƙaninka tana hana ta abinci, ka bincika kafin ka ɗaga murya a kan wadda ba ta yi barcin kirki ba wata shida.

Wannan ya kawo mu kan mai jinya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Matar da ke kula da tsoho ita ce ke girki, ita ce ke raino, wataƙila da ciki, ga ɗaga babban mutum sau biyar a rana har bayanta ya riƙe. Ga kunya: al'ada ba ta bar matar ɗa ta yi wa surukinta wanka ba, shi ma ba zai yarda ba, sai ya gwammace ya zauna cikin ƙazanta ya yi shiru. Samarin gidan, wannan aikinku ne. Wankan Baba, askinsa, yankan farce, kai shi masallacin Juma'a ko ƙofar gida ya sha iska ya gaisa da tsaransa. Jikoki kuma kuna da abin da 'ya'ya ba su da shi, wato wasan jika da kaka. Ɗan fari ba ya iya sakewa da mahaifiyarsa, amma kai za ka iya shiga ka ce “tsohuwa, yau me kika ajiye wa mijinki?” ta zage ka, ta yi dariya, ta ci abincin da ta ƙi ci a hannun kowa.

Wannan zauren WhatsApp na dangi da ake tura gaisuwar Juma'a da hotunan biki, a mayar da shi wajen aiki. A rubuta abin da ake kashewa a wata, magani nawa, abinci nawa, sabulu da omo nawa. A raba, kowa ya san nasa da ranar da zai turo. Wanda ba shi da kuɗi ya kawo jikinsa, ya karɓi kwana biyu. A ba mai jinya hutu na gaske, ta je gidansu, ta je biki. A ware mata wani abu nata a cikin kuɗin, ba sai ta roƙa ba. Yarinyar da aka ajiye wajen Kaka kuma a tsara yadda za ta riƙa zuwa makaranta, wani ya riƙe safiya. Ba daidai ba ne jikoki maza 10 suna karatu, ita kaɗai ta biya bashin gidan da rayuwarta.

Kuma mu riƙa tambayar masu neman ƙuri'a. Kansila da ɗan majalisar jiha suna zuwa ƙofar gida lokacin zaɓe. A tambaye su mutum nawa ke karɓar tallafi a mazaɓar nan, yaushe aka sabunta sunaye, wa ya maye gurbin waɗanda suka rasu, me ya sa ba a manna jerin a fili. Tambaya ce ta ladabi, kuma haƙƙinku ce.

Kafin mako mai zuwa ga ɗan aiki. Ka zauna kusa da tsohon gidanku lokacin da aka kawo masa abinci, ka ga abin da ya ci da abin da ya bari. In kana nesa, ka kira mai kula da shi, ka tambaye ta lafiyarta ita kanta kafin ka tambayi tasa. Ku rubuto mana abin da kuke dafa wa tsofaffinku a garinku, musamman mutanen Gagarawa da Sule Tankarkar da 'yan uwanmu na tsallaken iyaka, wani zai ƙaru da shi.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ba masu jinya lada da juriya. Mu kuma in ya nufe mu da tsawon rai, ya haɗa mu da masu tausaya mana. Sai mun haɗu a shiri na gaba. Wassalamu alaikum.